Ba taurin kai ba ne ya sa yake ƙin magani

Wallahi abin na damuna in naji ana cewa mai ciwon sikizofireniya (wani nau'in ciwon taɓin hankali) taurin kai ke sa shi ƙin magani. Ba haka bane fa. Ciwon yana taɓa ƙwaƙwalwa har ya hana mutum gane cewa bashi da lafiya, to wanda ya tabbata lafiyarsa ƙalau ta yaya zai haɗiyi ƙwaya? Muryoyin nan da gaske yake jinsu a kunnensa, ana ganin rikicewar aikin dopamin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, na da hannu a ciki, sai maƙwabci ya kalle shi kawai, shi mai ciwon ya ɗauka makirci ake ƙulla masa. Duka ko ɗaure shi da mari baya gyara komai, a lallaɓa shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, akwai ma allurar da ake yi duk wata maimakon ƙwaya kullum.