Daren da Na Kwana Ina Rigima da Linka

Ni mutum ne mai son a ce ya iya. Shi ya sa da na rubuta wata 'yar manhaja da harshen C domin lissafin bashin da kawuna yake bin abokan cinikinsa, na ce sai na yi mata laburare irin na manya, wato tarin ayyukan da manhaja ke kira, wanda ake ɗinke shi a jikin manhaja tun wajen haɗa ta. Na sa gcc -c, mai fassara C zuwa harshen kwamfuta, ta mayar da fayilolina uku zuwa masu ƙarewa da .o, sannan na tattara su da umarnin ar rcs cikin laburaren liblissafi.a, wanda in za a faɗi gaskiya buhu ne kawai da aka rubuta sunayen kayan cikinsa a baki.

Da na zo haɗawa, na rubuta -llissafi, wato sunan laburaren, a gaba, main.c, fayil ɗin ainihin manhajar, a baya, domin a tarbiyyarmu babba ne ke shiga gaba. Nan take linka, wato manhajar da ke ɗinke fayilolin wuri guda, ta ce "undefined reference", wato ba ta san aikin da na kira ba. Na leƙa buhun da nm, umarnin da ke nuna sunayen abin da ke ciki, ga sunan aikin nan da harafin T a gefensa, shaidar cewa yana ciki. Na sake gina laburaren sau huɗu, na zargi kwamfutar, har na fara zargin wanda ya sayar mini da ita.

Bayan sallar asuba ƙanina, wanda ni na koya masa kunna kwamfuta, ya dubi allon ya ce, "Yaya, ai ka aike ta kasuwa ne kafin ka gaya mata cefanen." Ya bayyana cewa linkar GNU, wato wadda nake amfani da ita, tana bin layin umarnin daga hagu zuwa dama, kuma ba ta ɗaukar komai daga laburare sai abin da aka riga aka nema; da ta iso buhuna ba wanda ya nemi komai, sai ta wuce, ba ta kuma waiwaye. Ya mayar da -llissafi ƙarshen layi, aiki ya haɗu cikin daƙiƙa ɗaya.

Na ce masa da ma gwada shi nake yi.

Kwana biyu bayan haka na gyara wani kuskuren lissafi, na sake gina laburaren, amma na manta ban sake haɗa manhajar ba, alhali tsohon kwafin yana nan ɗinke a jikinta. Har yanzu kawu yana neman wanda ya yafe wa mai shayi naira dubu uku.