Tallafin gobarar Texas: kuɗin sun zo, amma bayan wa?

Ranar 26 ga Fabrairun 2024 wuta ta tashi a arewacin jihar Texas ta Amurka, iska ta kora ta har ta lashe fili sama da eka miliyan 1, gobarar daji mafi girma a tarihin jihar. Gundumar Hemphill, inda garin Canadian yake, na cikin inda abin ya fi muni. Dubban shanu sun mutu. Waɗanda suka tsira da ƙonannun kofato da hantsa, masu su ne suka bi su da bindiga suna ƙarasawa, don ba su da sauran mamora.

Gwamnatin tarayya ba ta naɗe hannu ba, wannan dole a faɗa. Ma'aikatar noma tana da ofishi da ke kula da kowace gunduma, kuma akwai tsari a ƙasa tun kafin masifa ta zo: ana biyan makiyayi kashi 75 cikin 100 na farashin dabbar da ta mutu, ana kuma ɗauke masa kaso mai tsoka na kuɗin sake kafa shingen waya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Babban kuɗin agajin manoma da makiyaya kan bala'o'in 2023 da 2024, kusan dala biliyan 21, sai a Disambar 2024 majalisa ta amince da shi, rabon kuma ya shiga 2025. Saniya dai ba ta san zaman majalisa ba. Wadda ta tsira tana son ciyawa gobe da safe, ga makiyaya ta zama toka, ga shinge a kwance. Abin da ya riƙe mutane a makonnin farko shi ne tirelolin busasshiyar ciyawa da manoman wasu yankuna suka yi ta aikowa kyauta.

Wa ke iya jiran shekara guda? Mai babban garke, wanda banki ya san fuskarsa, yana da akawu mai ajiye masa takardu. Ƙaramin makiyayi kuwa sai an ce ya kawo shaidar yawan shanunsa da shaidar mutuwarsu, alhali wataƙila takardun sun ƙone tare da gidan. Kafin kuɗi su iso ya sayar da ragowar garken. A ganina, jinkiri irin wannan ba kowa yake cutarwa daidai ba, yana tace masu ƙarfi ne ya bar su a fili.

Akwai kuma giɓin da gobarar ta tona. Ta zo ne a lokacin haihuwar shanu, amma a wancan lokaci saniya mai ciki ana biyanta ne a matsayin guda, ɗan da ke cikinta bai shiga lissafi ba. Sai a 2025 aka gyara dokar.

Masu cewa kuɗin haraji bai kamata su zama inshorar kowa ba suna da hujja, musamman a nan, tunda kamfanin lantarki na Xcel Energy ya amsa cewa da alama kayansa na da hannu a tashin wutar. To, a bi shi ya biya. Amma shari'a na cin shekaru, don haka kamata ya yi gwamnati ta fara ba makiyayi wani kaso cikin makonni, a tantance sauran takardun daga baya.