Dala kuka gani, ba Halimatu ba

Tun da Super Falcons, ƴan ƙwallon mata na Najeriya, suka farke Maroko daga ci 2-0 suka tashi 3-2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Rabat cikin Yulin 2025, Tinubu kuma ya yi wa kowace ƴar wasa alƙawarin dala dubu 100 da gida, hirar fadojin Damagaram ta sauya. Daga Birni har Zango lissafi ake yi: nawa ke nan a sefa? Masu lissafin nan su ne waɗanda in sun ga ƙanwarsu da ƙwallo a ƙofar gida sai sun kora ta ciki.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ba mai ambaton Halimatu Ayinde. Haifaffiyar Kaduna ce, nan kusa da mu, kuma tsakiya take bugawa, wurin da ake shan wahala wasu su ɗauki yabo. Ita ke tare hanya, ta ƙwace ƙwallo, ta miƙa wa mai ci. Tana cikin ƴan ƙasa da shekara 20 da suka kai wasan ƙarshe na duniya a Kanada a 2014. Ta je kofin duniya na manya a 2015, 2019 da 2023, inda Ingila ta shafe minti 120 ba ta ci Najeriya ba sai a bugun fenariti. Ta buga a Amurka, ta daɗe a Suwidin. Jan katin da ta samu a karawa da Maroko a 2022 bai gama da ita ba. Shekara fiye da goma ke nan, malam, ba dare ɗaya ba.

Mu kuwa? A 2019 waɗannan ƴan Najeriya sun zuba wa ƴan matanmu na Nijar 15-0 a Abijan, muka yi ta dariya kamar ba ƴaƴanmu ba. Yarinyar da ba ta taɓa samun gasa a makaranta ba, da me za ta tare wadda ke atisaye kullum?

Masu fakewa da batun sutura su huta: an halatta hijabi a fili tun 2014, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da shi.

Ya kamata FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta fito daga Yamai. A sa gasar ƴan mata tsakanin makarantun Damagaram, da masu horarwa mata, da lokacin da filin wasa zai zama nasu su kaɗai. Attajiran da ke rige-rigen yin kyauta a filin kokowa su ma ba za su rasa kuɗin takalma da ƙwallaye ba.