Ba a yi wa yaro gashin ƙashi ta waya

Tun da annobar korona ta lafa, akwai wata magana da ta ƙi ƙarewa a bakin wasu masana lafiya da ƙungiyoyin agaji: wai kullen 2020 ya tabbatar ana iya yi wa yara gashin ƙashi ta bidiyo, don haka a rage zuwa asibiti, a mayar da aikin kan waya. Hujjarsu kullum Amurka da Ingila. To madalla da su. A can wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar magana da likita.

Kowa ya san yadda abin ya kasance a nan. Kano ta shiga kulle a watan Afrilun 2020, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, uwar da ta saba ɗauko ɗanta daga Gumel ko Daura zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ta rasa motar hawa. Duk ma'aikacin da ya kira iyaye a lokacin, ko ya tura musu ɗan bidiyon motsa gaɓoɓi ta WhatsApp, ya yi abin a yaba masa. Amma lalura ce ta sa. Taimama ce aka yi don babu ruwa, kuma ruwa ya samu tun tuni.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin gashin ƙashi ba ne zai ɗauka aikin kallo ne. Yaron da shawara ko sanƙarau ko doguwar naƙuda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, gaɓoɓinsa suka sandare, da hannu ake jin taurin jijiyarsa, a san inda za a miƙar a tsaya kafin a ji masa ciwo. Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa kuwa, tsarin Ponseti da ake bi yana buƙatar a murza ƙafar a hankali, a sake ɗaurin filasta duk mako. Wace waya ce za ta ɗaura filasta? Idan aka bari ya fara tafiya a gefen ƙafa, abin da 'yan makonni za su gyara sai ya koma babban aikin tiyata.

Sannan wa ke riƙe da wayar? A gidaje da yawa ta maigida ce, ya fita da ita kasuwa sai dare. Ko an samu, uwa ce za ta jingina ta da kwano, ta danne yaro yana tsala ihu, ƙaninsa yana goye a baya, hoton ya tsaya cak, murya tana cewa “ɗaga ƙafar, a'a, ɗayar.” An mayar da ita likita ba horo ba albashi, in yaro bai samu sauƙi ba a ce sakacinta ne. Ƙara da cewa a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A Satumban 2021 ma rufe layukan waya aka yi ɗungurungum a Zamfara saboda 'yan bindiga.

Masu son a mayar da aikin kan waya za su ce da babu gara ba daɗi. Wannan karin maganar ce ke ba gwamnatocin jihohi damar ƙin ɗaukar ma'aikata, alhali waɗanda aka horar suna ta ficewa Saudiyya da Ingila. Data ta fi albashi arha, shi ya sa ake son maganar, ba don yaran ba.

Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. In da gaske ake, a kai masu gashin ƙashi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi abin da za su iya, a nuna wa iyaye motsin hannu da hannu. Bayan nan sai a kira waya a tambayi jikin yaro.