Ƙannena masu babur, ku riƙa duba boris ɗin wuya

Assalamu alaikum ƙannena 'yan acaɓa, da ku masu hawa don zuwa gona ko cin kasuwar ƙauye. Maganata a kan boris ɗin wuyan babur ce, wato abin da kan babur ke juyawa a kansa, wanda yawancinku ba kwa tunawa da shi sai ranar da kai ya fara rawa a hannunku kuna tsakiyar gudu.

Sai ka ga yaro ya zuba kuɗi a sitika da fitilu masu launi da hon mai ƙarar tirela, amma da ya matsa birkin gaba sai ka ji "ƙwas" daga wuya. Ka yi masa magana, ya ce ai haka Boxer take in ta kwana biyu. Ba haka take ba, ƙanena, sakaci ne. Kuma matar da ka ɗauko da goyo a baya ba ta san da wannan ƙwas ɗin ba, amana ta ba ka.

Ƙarfen da ke riƙe da shokazoba biyu na gaba yana ratsa wuyan babur ne, yana juyawa a kan boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A irin baburanmu, Boxer da Jincheng da makamantansu, galibi 'yan ƙwallayen ƙarfe ne zaune cikin kofi da giris. Na ƙasan shi ke shan wuya, don duk ramin da ka faɗa da duk buhun masarar da ka ɗora a kan tanki, kansa suke sauka. Ruwan damina da injin wanki mai feshi su wanke giris, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da ragowar, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Dubawar ba ta cin ko sisi. Ka kafa babur a kan babban sitan, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Ka juya kai a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ka ji yana maƙalewa daidai tsakiya, ƙwallayen sun riga sun yi wa kofi gurbi. Sannan ka tsuguna a gaba, ka kama ƙafafun shokazoba daga ƙasa, ka ja ka tura. In akwai lilo, wuya ya saki. Amma ka lura, wayar kuloci ko ta birki da aka ratsa ba daidai ba tana iya riƙe kai har ka zargi boris a banza.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen gyaran. Da an ji ƙara sai a ɗauko guduma a yi ta dukan notin nan mai tsaga-tsaga da ke matse boris a saman wuya har kai ya sandare, a ce an ɗaure. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Babur yana tsayawa daidai a kan hanya ne saboda kansa yana 'yan gyare-gyare da kansa, hagu da dama, ba tare da ka ma sani ba. In ka shaƙe wuyan ka hana shi, sai ya riƙa yawo da kai a hanya, kwana ta yi nauyi, boris ɗin kuma ya mutu da wuri.

Yadda ake yi, a sassauta babban notin sama da ƙusoshin da ke matse shokazoba a farantin sama, wato ƙarfen da ya haɗa kawunansu, sannan a juya mai tsaga-tsagar da ke ƙarƙashi kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. Da lilon ya ɓace, a tsaya. Alamar an dace ita ce ka ɗan taɓa kai daga tsakiya ya tafi gefe da nauyinsa, ba tare da ka tura ba. Bayan an ɗaure notin sama a sake gwadawa, domin ɗaurinsa kan ƙara matse boris.

In kuwa maƙalewar tsakiyar nan ta riga ta samu, ba ɗaurin da zai warkar da ita. Ka je wurin bakanike, ka tsaya a kansa ya canza kofi da ƙwallaye gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya cika giris. Kada ka yarda a zuba maka sababbin ƙwallaye a tsohon kofi don rage kuɗi. Bayan 'yan kwanaki kana hawa ka koma a sake dubawa, sabon boris yakan zauna ya ɗan saki.