Makaho ma almajiri ne: nasiha ga matasan ikilisiya

'Yan'uwa matasa, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu bari. Da makaho ya shigo majami'a sai a ja shi gaba a yi masa addu'ar warkarwa, in ido bai buɗe ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan zalunci ne. A Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na ko ɗayansu ba. Makaho Bartimawas ma, a hanyar Yariko, sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so. Ku ma ku riƙa tambaya kafin ku taɓa mutum.

In ka gai da makaho, faɗi sunanka, wasan "ka gane muryata?" wulaƙanci ne. In za ka tashi, sanar da shi, kada ya ci gaba da magana da iska. Wajen jagora ba a jan sandarsa, ba a tura shi ta baya. Shi zai riƙe hannunka sama da gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taki. A bakin matakala ka tsaya, ka ce hawa ne ko sauka. Ɗora hannunsa a kan benci, zai zauna da kansa. Ƙofa kuwa a rufe ta ko a buɗe ta gaba ɗaya, wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi.

A sujada, mai jagora ya faɗi sura da aya da bakinsa, ya daina cewa "ku duba allo". A tura wa makaho kalmomin waƙa da saƙon murya tun kafin Lahadi. A sa masa Littafi Mai Tsarki na sauraro a waya, a kunna TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya, in Android ce. Amma sauraro ba ya maye gurbin karatu: yaro ya koyi rubutun makafi mai ɗigo 6, wanda makarantar makafi ta Gindiri ke koyarwa tun 1953.

Kada kuma a fake da bangaskiya a ƙi asibiti. Yanar ido tiyata ke cire ta, asibitin ido na ECWA a Kano ya daɗe yana yi. Hawan jinin ido kuwa abin da ya ci ba ya dawowa, don haka wanda ya bar ɗiga magani da sunan an yi masa addu'a, sauran ganinsa yake zubarwa.

Ke da kai da ba ku gani, kada ku yarda a ajiye ku a bencin baya kuna jiran taimako. Ku nemi aji a makarantar Lahadi, ku shiga mawaƙa, ku karɓi jagorancin addu'ar Laraba, ku kuma tunatar da fasto ya ba ku nassin tun da wuri don ku haddace.