Baƙin bel ba kayan kasuwa ba ne

Wallahi tun jiya abin nan yake cina, na so in yi shiru amma na kasa. Ku da kuka ga hoton nan kun san wanda nake nufi, yaro wata 7 da fara kareti an ɗaura masa baƙin bel, har da walima da kek, babansa ya rubuta wai ɗansa ya "kammala". Ya kammala me? To madalla, Allah ya sanya albarka, saura a ba shi digirin dakta sati mai zuwa.

Kuma wannan uban ne fa ya zo wajen da muke koyon kareti bara yana huci wai me ya sa ake sa ɗansa shara. Malam na tsaye riƙe da tsintsiya da kansa, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, ya ce masa Alhaji ai ni ma sharar nake. Washegari aka cire yaron aka kai shi inda ake biya a karɓa.

Jama'a baƙin bel ba kammalawa ba ne. Sunan matakin ma da Japananci shodan, wato matakin farko, ma'ana yanzu ka iya tsayuwa za a fara koya maka. Asalin kareti a tsibirin Okinawa babu wani bel ma sam, Gichin Funakoshi ne da ya kai abin Tokiyo a 1922 ya aro tsarin daga judo wajen Jigoro Kano (sunan mutum ne, ba Kanonmu ba, kada wani ya zo min da labarin cewa mu muka ƙirƙiro). Shi Funakoshin da yake yaro cikin dare yake zuwa gidan malaminsa, kata (wato tsararren jerin motsi da ake haddacewa) ɗaya tal ake sa shi maimaitawa wata da watanni, ya yi a ce sake, ya yi a ce sake, ba yabo ba tafi. Mutanen nan har karin magana gare su, kata ɗaya shekara uku. Shekara uku! Kai kuma ɗanka wata 7 ya gama duka.

Bari in faɗa muku abin da wata 7 yake ba mutum, don ni na yi shi. Heian shodan, wato kata ta masu fara koyo, motsi 21 ne kacal, za ka haddace jerin a sati biyu, aku ma zai iya. Amma ka taka gaba ka kai naushi ba tare da diddigen baya ya ɗaga ba, kanka bai yi sama da ƙasa ba, hannun da bai yi naushin ba ya dawo ƙugu da ƙarfi daidai da wanda ya fita, dunƙulen ya juya a ƙarshe ba tun a hanya ba, kafaɗa a sake, numfashi ya fita tare da naushin... wannan na fi shekara ina bi, malam yana zagayowa ta baya ya sa ƙafa ya ɗan tura min gwiwa, in ta lanƙwashe ya wuce bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ranar da ya tura ba ta motsa ba ya ce "to", shi kenan, to ɗin nan har yau ina jin daɗinsa.

Na san masu cewa ai zamani ya canza, yara na buƙatar ƙarfafa gwiwa. A ƙarfafa musu mana, akwai bel fari da rawaya da kore da ruwan ƙasa, don me aka yi su? Masu cewa hassada ce kuma, eh na ji, ina hassadar ƙyalle na dubu biyu da ake sayarwa a kasuwa. Wani kuma ya ce min shara bauta ce. A Japan ɗalibai ne ke goge daɓen dojo, wato ɗakin atisaye, da tsumma, manya da yara, har a makarantun boko yara ke share ajinsu. Wurin da za ka taka da ƙafa ba takalmi wa kake jira ya share maka?

Tsakani da Allah yaron nake tausaya wa, yaro ne mai ladabi, na san shi, kuma yana da ƙafa mai kyau. An cuce shi ne kawai. An ce masa ya iya alhali bai iya ba, ran da ya je gasa ya haɗu da mai koren bel da ya sha shekara biyu yana maimaita abu ɗaya, nan zai gane, kuma babansa ba zai shiga fili ya karɓar masa dukan ba.

Af, maganar gasa ta tuna min, har yanzu akwai masu musu da ni kan wasan ƙarshe na kareti a Olamfik ɗin Tokiyo a 2021, da Tarek Hamedi na Saudiyya ya yi wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a wuya ya suma, aka kori Hamedi aka ba wanda ya suma zinare. Ni dai na ce alƙalan sun bi doka, iya tsayar da ƙafa ma cikin darasin yake. Amma mutum ya farfaɗo a ce masa kai ka ci zinare, kai wannan abu da ban dariya. Wanda ke da bidiyon ya turo min don Allah, wayata ta goge.